Labarin ƙwaƙwalwa a tambayi ido: Abin da likita ke iya gani kafin mantuwa ta zo

A kasuwannin Arewacin Yobe, tun daga Nguru, a biyo ta Jajimaji hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, har a dangana da Gashuwa, da wuya a rasa mai tallar tabarau. Yakan baza hajarsa a inuwa, dattijo ya zo ya tsuguna yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, yana duban rubutun littafi ko lambobin da ke fuskar wayarsa, har ya dace da wanda ya washe masa gani. Ya biya ya tashi, an gama maganar ido ke nan sai wata shekara. Ɗansa da ke aiki a wata ma'aikata a Abuja, wanda shi ne ma ya turo kuɗin, abin da yake yi ke nan shi ma. Bambancin kawai nasa shagon akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma akwai mai auna masa lamba.

Aikin tabarau gyara yadda haske ke shiga ido, ba ruwansa da abin da ke can ciki. A ƙuryar ido kuwa akwai wani tantani mai ɗaukar hoto, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, likitoci na kiran sa ratina. Ƙananan jijiyoyin jini ne shimfiɗe a kansa kamar rassan bishiya, kuma nan ne kaɗai likita zai iya leƙawa da 'yar fitila ya kalli jijiyoyin da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa ido da ido, ba a yanka kowa ba, ba a shigar da kowa cikin babbar na'ura ba. Binciken fiye da shekara 20 ya nuna cewa lalacewar waɗannan jijiyoyi na tafiya tare da shanyewar ɓarin jiki da kuma dusashewar tunani, abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa. Sau da yawa alamar kan bayyana a ido shekaru kafin iyali su lura cewa baba ya fara maimaita tambaya, ko inna ta fara ɓata a hanyar da ta yi shekara 40 tana bi.

Reshen ƙwaƙwalwa da ya leƙo waje

Tun ciki yana wata guda, wasu 'yan ƙullutu biyu kan tsiro daga ɓangaren ɗan tayi da zai zama ƙwaƙwalwa, su miƙo gaba. Su ne ke zama ratina da jijiyar gani, shi ya sa masana ke ƙidaya ratina cikin sassan ƙwaƙwalwa. Jinin da ke shayar da su ma daga mashaya ɗaya yake fitowa: babbar jijiyar wuya da ke haurawa cikin kai ita ke ba ido rabonsa kafin ta rarrabu cikin ƙwaƙwalwa. Ƙananan jijiyoyin wuraren biyu kusan girmansu ɗaya, kamar silin gashi ɗaya ko biyu, kuma dukansu suna da wani shinge na musamman a bangonsu mai tace abin da zai fita daga jini ya shiga nama.

Manomin rani na fadamun Haɗejiya da Nguru ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin da ke lalata su. Idan injin ban-ruwa ya cika ƙarfi, babban bututu kan jure, ƙananan tiyo ne ke fara tsagewa. Idan kuma ciyawar kacala ta toshe mashigi, gonar da ke can ƙarshe ce ke fara bushewa. Hawan jini duka biyun yake yi. Shekara da shekaru na bugun jini mai ƙarfi kan sa bangon ƙaramar jijiya ya yi kauri ya ƙage, hanyar cikinta ta tsuke, wata ta toshe, wata ta tsage ta riƙa yoyo. Ciwon suga shi kuma cin bangon yake yi sannu a hankali, har ya yi rauni ya kumbura a wurare.

Idan likita ya haska, abin da yake nema ke nan: jijiyoyin da suka sirance, wurin da jijiya mai kai jini ta gitta ta kan mai dawo da shi ta danne ta kamar an taka tiyo da ƙafa, ɗigo-ɗigon jini, da wasu fararen tabbai kamar an yayyafa auduga, alamar cewa jini ya yanke wa wurin. Mai idon ba ya jin zafi ko kaɗan, kuma ganinsa ba ya raguwa sai ɓarnar ta kai tsakiyar ratina. Yana iya karanta rubutu mafi ƙanƙanta a allon gwaji alhali duk waɗannan suna nan.

Irin wannan ɓarnar idan ta auku cikin ƙwaƙwalwa ta fi tsada. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Duk ƙaramar jijiyar da ta toshe, wani ɗan yanki ya mutu ke nan, ƙila mutum bai ma ji komai ba a ranar. Idan suka taru, sai tunani ya yi nauyi, lissafi ya riƙa kuɓucewa, tafiya ta koma 'yan gajerun taku, riƙe fitsari ya yi wuya, hali ya canja. Wannan nau'i na gigin tsufa shi ne na biyu a yawa bayan cutar Alzheimer, kuma a tsofaffi da dama su biyun a haɗe suke. Ganin sa a ƙwaƙwalwa sai da hoton MRI, wanda mutumin Karasuwa sai ya yi doguwar tafiya ya kuma kashe kuɗi mai yawa kafin ya samu. Duba bayan ido kuwa aikin 'yan mintuna ne.

Daga fitilar 1851 zuwa yaran Malawi

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1851 wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin leƙa cikin ido. Shekara takwas bayan haka, a 1859, Richard Liebreich ya bayyana yadda bayan idon masu ciwon ƙoda mai tsanani ke kasancewa. A 1898 Marcus Gunn, likitan ido a Landan, ya yi bayanin dannewar jijiya a kan jijiya, alamar da har yau ake kira da sunansa. A 1939 wasu likitoci uku a asibitin Mayo na Amurka suka kasa masu hawan jini gida huɗu gwargwadon abin da suka gani a idanunsu, suka tarar mafi yawan waɗanda ke gida na huɗu ba su yi shekara guda a raye ba. Lokacin babu maganin hawan jini na kirki, sai dai likita ya gani ya yi shiru.

Amma misalin da ya fi kusa da mu daga Afirka ya fito. A birnin Blantyre na ƙasar Malawi, likitocin da ke kula da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya sumar sun lura tun farkon shekarun 1990 cewa bayan idon yaran na nuna wasu alamu da ba a gani a wata cuta: fari-fari a ratina, da jijiyoyin da launinsu ya koɗe. A 2004 Terrie Taylor da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken gawarwakin yara 31 da aka ɗauka zazzaɓin ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa ya kashe su. Bakwai daga ciki ashe wani abu ne daban ya yi ajalinsu, kuma abin da ya iya bambance su da sauran tun suna raye shi ne duba ido. Ke nan a asibitin da ba shi da manyan na'urori, fitilar hannu ta faɗi abin da ke faruwa cikin kai.

Abin da manyan bincike suka gano

Hujja mafi ƙarfi game da tsufa ta fito ne daga wani bincike da aka fara a Amurka a 1987, mai suna ARIC, wanda ya riƙa bibiyar mutum kusan 16,000 a yankuna huɗu. Ɗaya daga cikin yankunan, birnin Jackson na jihar Mississippi, baƙaƙen fata ne zalla aka ɗauka. Tsakanin 1993 da 1995 aka ɗauki hoton bayan idon mahalarta, aka ajiye, aka zuba ido a ga abin da zai biyo baya.

A 2001 Tien Yin Wong, likitan ido ɗan Singafo, ya wallafa a mujallar Lancet cewa cikin mutum 10,358, waɗanda hotonsu ya nuna ɓarna a ratina sun fi sauran haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan ninki biyu da rabi, ko bayan an cire tasirin shekaru da hawan jini da ciwon suga da shan taba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci. Awon jini na yau yana faɗin halin da ake ciki yau ne, ido kuwa yana riƙe da tarihin shekarun da suka wuce, har da shekarun da mutum ya yi bai san yana da ciwon ba. A shekarar da ta biyo, aka duba mutum 1,684 da aka yi musu hoton ido da na ƙwaƙwalwa duka. Waɗanda aka ga ɓarna a wuraren biyu, ɗaya cikin biyar ya gamu da shanyewar ɓarin jiki cikin shekara biyar. Waɗanda ba a ga komai ba, ba su kai biyu cikin 100 ba. A 2018 kuma, bayan an bibiyi mutum 12,317 har shekara 20, aka tabbatar cewa masu matsakaiciya ko babbar ɓarna a ratina tunaninsu ya fi saurin dusashewa. Wani binciken a birnin Rotterdam na ƙasar Holan ya samu irin wannan alaƙa tsakanin faɗin jijiyoyin da ke dawo da jini daga ratina da nau'in gigin tsufan da toshewar jijiya ke kawowa.

A gida Najeriya, babu tababa a kan wane ne babban mai laifi. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki ana iya danganta su da hawan jini. Ƙididdiga daban-daban na nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku a ƙasar nan na ɗauke da shi, kuma waɗanda nasu ya sauka ya daidaita da magani 'yan tsiraru ne.

Gashuwa, inda ƙoda ta riga ta yi magana

A Arewacin Yobe maganar na da wata fuska ta daban. Shekaru da dama ke nan ana kuka da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da sauran garuruwan da ke bin kogin Komadugu Yobe, a ƙananan hukumomin Bade da Jakusko da Karasuwa da Nguru. Gidaje da yawa sun sayar da gona ko dabbobi suna zirga-zirgar wankin ƙoda zuwa Damaturu ko Maiduguri ko Kano. An zargi ruwan sha, an zargi magungunan feshi na gona, an zargi zafin rana da ƙishirwar masu aikin fadama, an zargi shan magungunan kashe raɗaɗi da na gargajiya barkatai. Gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗora wa masana aikin gano musabbabin, tare da haɗin gwiwar takwarorinsu na Landan.

Me ya haɗa wannan da ido da ƙwaƙwalwa? Ƙoda ita ce 'yar'uwarsu ta uku. Ita ma tarin ƙananan jijiyoyi ce, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake bi, don haka abin da ya ci ɗaya da wuya ya bar sauran. Kuma ko da guba ce ko zafi ya fara taɓa ƙodar, da zarar ta yi rauni sai jini ya hau, hawan jinin ya juyo ya ƙara danne ta, ya kuma haura sama. An daɗe da sanin cewa masu ciwon ƙoda sun fi sauran jama'a fuskantar shanyewar ɓarin jiki da raunin tunani. A ɗakin wankin ƙoda kowa lambar gwajin jini yake kallo, ba kasafai ake tambaya ko mara lafiyan na iya tuna adadin ƙwayoyin da ya sha da safe ba, alhali ransa a kan haka ya rataya.

Akwai kuma wata fa'ida da likitocin ƙoda suka daɗe suna amfani da ita. Idan mai ciwon suga ya zo da lalatacciyar ƙoda amma aka tarar bayan idonsa garau, sukan yi shakkar cewa sugan ne ya jawo, su nemi wani dalili. A yankin da tambayar kowa ita ce me ke kashe ƙodar mutanenmu, hoton ido shaida ne mai arha da zai taimaka wajen ware waɗanda hawan jini da suga suka kama daga waɗanda wani abu ne daban ya same su. Abin mamaki ne a ce ana ɗibar jini da fitsari da ruwan rijiya, a bar shaidar da ke fuskar mara lafiya.

Ga kuma matsalar makanta. Binciken ƙasa kan makanta da aka yi tsakanin 2005 da 2007, wanda Dokta Fatima Kyari na cikin jagororinsa, ya duba mutum 13,599 masu shekara 40 zuwa sama, ya tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 6.1, mafi yawa a duk ƙasar, kuma yanar ido ce kan gaba. Yana tana cutarwa ta hanya biyu a nan. Tana rufe tagar da likita zai leƙa, sannan rashin ganin kansa yana gajiyar da ƙwaƙwalwa. Tsohon da ya daina gani yakan daina zuwa kasuwa da majalisa, ya daina karatu, ya koma zaman ɗaki. Kwamitin masana na mujallar Lancet a rahotonsa na 2024 ya saka raunin ganin da ba a magance ba cikin abubuwa 14 da idan aka kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Wani bincike a Amurka kan tsofaffi fiye da 3,000 masu yana ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aiki haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 30.

Kwamfuta ta shigo, amma idon wa ta koya?

A 'yan shekarun nan kamfanonin fasaha sun shigo fagen. A 2018 masu bincike na Google suka horar da kwamfuta da hotunan idon mutum 284,335, har ta kai tana iya ƙiyasta shekarun mutum daga hoton kaɗai, matsakaicin kuskurenta kimanin shekara uku ne, tana kuma hasashen awon jininsa da ko yana shan taba. A 2022 wasu masana suka ɗauki wannan dabara suka auna tazarar da ke tsakanin shekarun da ido ya nuna da shekarun haihuwa, suka ga kowace shekara guda da ido ya girmi mai shi na zuwa da ƙarin kashi 2 cikin 100 na haɗarin mutuwa. Asibitin ido na Moorfields da ke Landan na gudanar da irin wannan aiki kan cututtukan Alzheimer da Parkinson.

A nan ya kamata a ja birki, domin kasuwa ta fi ilimi sauri. Duk waɗannan alƙaluma kan taron jama'a suke magana. Hoton ido ba ya iya ce wa wane kai za ka ruɗe a shekara kaza, kuma mutane da yawa masu tabo a ratina sun tsufa da hankalinsu cif. Duk wanda ya zo ofis da na'ura yana cewa tana gano cutar mantuwa daga ido, a tambaye shi a kan su wa aka gwada ta. Babbar taskar bayanai ta Birtaniya da yawancin waɗannan bincike suka dogara da ita, fiye da tara cikin goma na mutanen cikinta Turawa ne. Bayan idon baƙar fata ya fi duhu, ga yana, ga tabon tsofaffin cututtuka, ga cutar sikila wadda ita ma tana toshe jijiyoyin ratina. Kwamfutar da ba ta taɓa ganin idon Bamange ko Babade ko Bafulatani ba tana iya yin kuskure cikin cikakken tabbaci.

Najeriya ta taɓa koya wa duniya wannan darasi. A 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis. Sakamakon 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa da gigin tsufa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Har ƙwayar gadon da aka fi alaƙantawa da Alzheimer a Turai tasirinta ya yi rauni a Ibadan. Amma da aka ci gaba da bibiya, hawan jini ya fito a matsayin abin da ke ƙara haɗarin a can ma. A Arewa kuwa bayanan sun yi ƙaranci. Wani bincike a Zariya da aka buga a 2011 ya duba tsofaffi 322 ne kawai, ya samu kusan kashi 3 cikin 100.

Wani ikon Allah, ɗaya daga cikin fitattun 'yan Najeriya masu binciken Alzheimer ɗan asalin Nguru ne. Mahmoud Bukar Maina ya karanci ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila kan wani sinadari mai suna tau da ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar, sannan ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Cibiyar na cikin aikin binciken ƙoda, tana kuma nazarin ƙwayoyin halittar mutanen yankin don fahimtar gigin tsufa a tsakanin 'yan Afirka. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, wadda marasa lafiya ke zuwa har daga Jigawa da Jamhuriyar Nijar, ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013. Wurare kaɗan ne a Arewa suka tara buƙata da masu ilimin a kusa da juna haka.

Gani ba shi ne magani ba

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji Hausawa, sai dai sanin kima ba ya cika buhu. Idan aka ga ɓarna a ratina, ba idon ake yi wa magani don a ceci ƙwaƙwalwa ba, jinin ake saukarwa, a daidaita suga, a bar taba, a rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk suna ƙara wa jiki sinadarin da ake gudu a gishirin. A ƙasar Manga, inda gishiri da kanwa suke tsohuwar haja, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shin saukar da jinin na kare tunani kuwa? Gwajin SPRINT MIND na Amurka, mai mutum 9,361, ya nuna a 2019 cewa waɗanda aka matsa lambar jininsu ta sama ta sauka ƙasa da 120 sun samu ragin kashi 19 cikin 100 na raunin tunani matakin farko. Wanda ya fi kama da yanayin Yobe shi ne na karkarar ƙasar Sin, da aka buga a 2025. An ɗauki mutum 33,995 masu hawan jini a ƙauyuka 326, aka raba ƙauyukan biyu. A rabi, ma'aikatan lafiya na ƙauye waɗanda ba cikakkun likitoci ba aka horar, aka ba su tsarin magani mai sauƙi, da magani kyauta ko a farashi mai rangwame, da na'urar awo ta gida. Bayan shekara huɗu gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran ƙauyukan. Babu ƙirƙirarriyar basira a ciki, babu MRI. An gwada makamancin tsarin a cibiyoyin lafiya matakin farko 60 a Babban Birnin Tarayya tun daga 2020, ƙarƙashin masana na Jami'ar Abuja, kuma yawan waɗanda jininsu ya daidaita ya ƙaru sosai. Yobe na da mazaɓu 178, kuma manufar gwamnatin jihar ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya mai aiki, don haka wurin da za a dasa tsarin yana nan.

Wannan ya shafi hadiman da ke rubuta takardun ayyukan mazaɓu. Aikin ido kyauta ya zama ruwan dare a Arewa: a kafa rumfa kwana uku, a cire yana, a raba tabarau da maganin ɗigawa, a ɗauki hoto. Alheri ne babba, wanda aka buɗe wa ido ne ya san darajarsa. Amma taron da ya tara ɗaruruwan masu shekara 50 zuwa sama a wuri ɗaya, da likitan ido a zaune, idan ya watse ba a auna jinin kowa ba, ba a leƙa bayan idon kowa ba, ba a haɗa kowa da cibiyar da za ta ci gaba da ba shi magani ba, an yi asarar rabin kuɗin. Na'urar awon jini ba ta kai farashin rumfar da aka kafa ba. Akwai madubin leƙa ido mai aiki da hasken rana, Arclight, da aka ƙera musamman don ƙasashe irin namu, akwai kuma ƙananan kyamarori da ake haɗawa da wayar hannu. Abin da ya fi wuya a saka a kasafi shi ne maganin watan gobe da na watan jibi, kuma shi ne ke yin aikin.

Shi kansa ma'aikacin da ke jiran cika shekara 60 ko shekara 35 a bakin aiki, ɓarnar da za ta bayyana bayan ritaya yanzu ake shuka ta, tsakanin shekara 40 da 60, a kan kujera, cikin cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa. Idan ya je canja tabarau, ya nemi a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a duba ciki, a kuma rubuta masa abin da aka gani da kwanan wata, domin amfanin dubawar yana cikin kwatanta ta bana da ta baɗi. Mai ciwon suga kuwa kowace shekara ake so ya yi. Wanda ido ɗaya ya taɓa rufe masa farat ɗaya kamar an saki labule, ya washe bayan 'yan mintuna, kada ya jira gobe: sau da yawa ɗan gudan jini ne ya taso daga jijiyar wuya, kuma na gaba ƙwaƙwalwa yake iya nufa.

Maganin ɗigawar kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya buɗe idon, gani kuma ya yi hazo-hazo na wasu sa'o'i bayan an gama. Dattijon da za a kawo daga Bukarti ko Wachakal a haɗa shi da ɗan rakiya, kada a bar shi ya hau babur da kansa a komowa, a kuma tanadar masa baƙin tabarau ko malafa, domin ranar Yobe ba ta sassauta wa idon da aka buɗe.